Kwalliyar Kek da Kuɗin Sabulu: Amsoshin Tambayoyinku

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka shigo a wannan karon yawancinsu daga masu yin kek suke. Ban yi mamaki ba, tunda mun shiga watannin da ake rige-rigen ɗaura aure kafin azumi, kowace unguwa a Zariya da nata bikin. Na ɗebo guda shida. Zan daɗe a kan ta farko, domin ita ce uwar sauran.

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Shekarata biyu ina yin kek a gida. Duk wanda ya ga aikina sai ya yaba, har hoto ake ɗauka. Watan jiya na yi wa wata kek mai inci 8 da furannin sukari guda 15, kwana biyu ina kansa, na karɓi N18,000. Da na je Kasuwar Sabon Gari sayo kayan aiki na gaba, sai da na taɓa kuɗin adashina na cika. Maigida ya ce wahalar banza nake, in daina. Ni kuma ina son aikin nan har raina, amma ina tsoron in na ƙara kuɗi masu saye su gudu. Yaya zan yi? Daga wata baiwar Allah, Tudun Wada.

AMSA: Ƙanwata, sau biyu na karanta saƙonki, domin inda kike tsaye na taɓa tsayawa. Lokacin da na fara, a tukunya da yashi nake gasa kek a kan risho, kuma in aka tambaye ni kuɗi sai in dubi fuskar mai tambaya in faɗi abin da nake jin ba zai ɓata mata rai ba. Na fi shekara uku a haka. Yabo kam na sha shi, jari kuwa kullum sai ja da baya yake. Ranar da sana'ata ta fara tsayuwa da ƙafarta ita ce ranar da na sayi littafi mai bangon kwali da biro da sikeli.

Ki fara da sikelin. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A tuƙin tuwo haka ne, a kek kuwa ƙima ba ta isa. Ki nemi ƙaramin sikelin kicin mai nuna lamba, ki auna komai da giram. Kek irin wanda kika yi, in kwaɓin bota ne na asali, kusan nauyi ɗaya ake sa wa fulawa da bota da sukari da ƙwai. A ce giram 500 kowanne, ƙwai kuma guda 10, tunda ƙwai ɗaya in an cire ɓawo yakan kai giram 50. Da kin san wannan, lissafi ya zo da sauƙi. Buhun fulawa kilo 50 ne, wato rabin kilo sau 100, sai ki raba kuɗin buhu gida 100, kin sami kuɗin fulawar kek ɗaya. Kiret ƙwai 30 ne, guda 10 sulusinsa ke nan. Haka za ki bi sukari, bota, madara, bekin foda, kayan ƙamshi, aisin suga, kala, har ɗan ribon da kike ɗaure kwali da shi. Gas ma ana gane shi. Ki ware wa obin silindarsa, ki rubuta ranar da kika cika kilo 12.5, ki riƙa jan layi duk sanda kika kunna. Ranar da ya ƙare sai ki raba kuɗin da yawan layukan.

Bari in buga misali. Lambobin na kwatance ne, ke ki sa farashin da kika tarar a kasuwa ranar. A ce kayan kwaɓi da na ado sun ci N12,000. Gas da man janareta N1,500. Kwali da faifan da kek ke zama a kai N1,500. Kuɗin adaidaita zuwa Sabon Gari da dawowa, da datar da kika ƙona kuna ta tura wa juna hotuna, N1,000. Mun kai N16,000 ke nan, ba a ko taɓo maganar hannunki ba. Ke kuma N18,000 kika karɓa. Ashe a kan N2,000 kika raba dare biyu, kuma kafin ki koma kasuwa kuɗin bota ya motsa ya haɗiye su. Abin da ya kai hannunki cikin adashi ke nan.

To, sai hannu. Furen sukari guda ɗaya, in ana murza kowane ganye daban ana mannawa, ni yakan ci mini kamar minti 20. Guda 15 awa 5 ke nan cur, ban da kwaɓi, gashi, yanka, shafa kirim, lulluɓa fondan (kwaɓin sukarin nan da ake murzawa a rufe kek da shi) da wanke-wanke. Mu ce awa 9 gaba ɗaya. In kin yanka wa kanki N1,000 kacal a kowace awa, N9,000 ne. A haɗa da N16,000, an sami N25,000. Wannan fa ba riba ba ce tukuna, ladan aiki ne, abin da za ki biya wata da ita ta yi miki. Riba ita ce rabon sana'ar kanta, wanda za ki taɓa ranar da miksa ta ƙone, ko gwangwani ya lotse, ko kek ya faɗa a tsakiya aka sake kwaɓa wani. Ki ɗora kashi 20 cikin 100, wato N5,000. Kek na N30,000 kika sallama a N18,000.

Na san abin da zuciyarki ta raya yanzu: wa zai ba ni N30,000 a Tudun Wada? Ki dubi masu ɗinkin hannu na babbar riga a cikin birni, sana'ar da Zariya ta yi suna a kanta tun kaka da kakanni. Ba wanda zai kai musu shadda ya ce a yi masa aska takwas, sannan ya miƙa kuɗin zare kawai. Kowa ya san aska biyu da kuɗinta, aska takwas da nata, domin kwanakin da allura za ta yi ba ɗaya ba ne. Mai lalle ma haka, zanen yatsu daban, na amarya har gwiwar hannu daban. Mu masu kek ne muke jin nauyin faɗin cewa fure 15 ya fi fure 3 kuɗi. Yawancin masu saye ba su san fure ɗaya yana cin minti 20 ba, tunda ba mu taɓa gaya musu ba.

Saboda haka ki kasa aikinki kashi uku, kowanne da hotonsa da kuɗinsa. Na sauƙi shi ne kirim mai santsi da rubutu da ɗan ado a gindi. Na tsakiya a ƙara furannin kirim da ake matsowa daga leda, waɗanda in hannu ya faɗa guda ɗaya ba ya cin minti 2. Na sama shi ne fondan da furannin sukari. Idan mai saye ta ce N18,000 gare ta, kada ki kore ta, kada kuma ki yi mata na N30,000 don kawai kina marmarin ki ga aikinki ya fito. Ki ce mata a bar fondan, ko a rage girma zuwa inci 6, ki nuna mata hoton abin da kuɗinta zai saya, sannan ki yi shi iyakar iyawarki. Gefen da ya miƙe sambal, saman da ya kwanta ba tudu ba kwari, rubutu mai tsabta, kala biyu da suka dace da juna, wallahi sun fi tarin furanni a kan karkataccen kek. Wanda ya san aiki nan yake fara dubawa.

Wasu za su tafi, ba zan ɓoye miki ba. Da na gyara farashina akwai waɗanda ban sake jin ɗuriyarsu ba, abin kuma ya tsaya mini a rai makonni. Amma da na buɗe littafi a ƙarshen wata na uku, sai na ga kek ɗin da na yi sun ragu, kuɗin da ya saura a hannuna ya ƙaru, ciwon bayan da nake kwana da shi ma ya lafa.

Akwai kuma abin da 'yan koyo suke rainawa, ƙananan kek na gwangwani, irin na gara da na Sallah da na suna, waɗanda ake saye ɗari-ɗari tare da cincin da dubulan da alkaki. Ba mai ɗaukarsu hoto, amma kwaɓi ɗaya ne, ba awa 5 na murza fure. A gidana su suke riƙe sana'ar a watannin da biki ya yi ƙasa. Babban kek mai hawa yana kawo suna, ƙananan nan su suke kawo cefane, ki riƙe su duka biyu.

Maigida kuma kada ki ja da shi, abin da ya gani gaskiya ne. Yana ganin kina hana idonki barci, bai ga abin da ya shigo ba. Ki roƙe shi ya ba ki wata uku. Ki raba kuɗin kek da na cefane, ko asusun banki daban ko gwangwani daban, ki rubuta shiga da fita kullum. In wa'adin ya cika ki ajiye littafin a gabansa. Ranar da ya ga kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ina kyautata zaton shi da kansa zai riƙa sayo miki kiret ɗin ƙwai a hanyarsa ta dawowa.

TAMBAYA: Hajiya, ina gaisuwa. Fondan ya zame mini ciwon kai. Da damina ya yi ta gumi kala tana zuba, da hunturu kuma ya tsattsage kamar kaushi. Ga shi an ba ni aikin kek mai hawa uku, bikin bayan Sallah ne, tsakiyar zafi, kuma wani ɗakin taro a Samaru zan kai shi. Gabana sai faɗuwa yake. Daga mai kek a Hanwa.

AMSA: 'Yar uwa, halin sukari ne, jan danshi yake daga iska. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka, iskar ɗaki kanta a jiƙe take, sai fondan ya sha ya saki. Haka in kin fito da kek daga firji zuwa ɗaki mai ɗumi, raɓa ce take sauka a kansa kamar yadda take yi wa kwalbar lemo mai sanyi. Kada ki taɓa, kada ki goge. Ki bar shi cikin kwalinsa a rufe ya saki sanyi a hankali, ko ki kunna masa fanka daga nesa. Fondan ɗin da za ki yi fure ko wani abu mai tsayuwa da shi, ki murza masa garin CMC, wanda ke sa shi ya yi ƙarfi ya bushe, ƙaramin cokali ɗaya ga rabin kilo, ki yi furannin kwanaki kafin biki, in sun bushe ki adana a mazubi mai murfi. Da hunturu kuwa iska a bushe take, tana zuƙe ruwan fondan tun yana kan tebur. Ki shafa ɗan shotenin, farin man nan mai kauri, a tafin hannu, ki ɗiga gilisarin, ki rufe duk wanda ba ki aiki da shi da leda, ki kuma yi sauri. Taga ma ki rufe, domin farin fondan ko ƙwayar ƙura ɗaya ta sauka sai ta nuna.

Zafi shi ne babban abin da ke gabanki. Bota tana narkewa tun wajen digiri 32 zuwa 35, zafin Zariya kuwa a Maris da Afrilu yakan haura haka da rana. Kirim na zallan bota ba zai kai ki Samaru ba. Ki haɗa rabi bota rabi shotenin, ko ki yi shafin cakulan da ake kira ganash a ƙarƙashin fondan: baƙin cakulan kashi 2 ga kirim kashi 1, fari kuma kashi 3 ga 1. Ya fi tsada, sai ki sa shi cikin lissafi tun yanzu. Aikin ado ki yi shi da dare ko bayan asuba.

Batun ɗauka, bari in ba ki abin da ya same ni. Na taɓa haɗa hawa uku tun daga gida, na rungume shi a cinya cikin adaidaita da azahar. Kafin mu wuce Kwangila hawan sama ya zame ya jingina. A bayan ɗakin taro na durƙusa na gyara abin da zai gyaru hannuna yana rawa, na mayar wa uwar amarya rabin kuɗinta, kuma har yau in na tuna fuskar yarinyar nan raina yana sosuwa. Tun daga ranar, kowane hawa da faifansa da kwalinsa nake tafiya da shi. Nakan kafa sandunan tokara huɗu ko biyar cikin kowane hawa da za a ɗora wa wani, a yanke daidai tsayin kek, domin su ne za su ɗauki nauyi. A mota ƙasa nake ajiyewa inda yake a shimfiɗe, tunda kujera a karkace take. Da safe nake fita, a can nake haɗawa, da jakar gyara a kafaɗa: kirim a ledar matsi, wuƙar shafi, da furanni na ƙari. Kuɗin mota da na zuwanki haɗawa daban ne da kuɗin kek, ki faɗa musu tun kafin a yi nisa.

TAMBAYA: Anti, ni ɗaliba ce a Jami'ar Ahmadu Bello, ina yin kek a ƙarshen mako don in rage wa iyayena nauyi. Kowa sai ya turo mini hoton kek ɗin Turai ko na Legas daga Instagram ya ce irin wannan sak yake so. Na gaji da kwaikwayo, ina so a ga kek a ce aikina ne. Amma in na sa nawa tunanin sai a ce ba haka aka ce ba. Daga wata ɗaliba, Samaru.

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da wannan tausayin iyaye. Kek ɗin da aka biya kuɗinsa na mai biki ne, ranarta ce. In ta ce ruwan hoda da ruwan zinariya, ki yi mata su ko da ke shuɗi ne ya kwanta miki. Sai dai kalmar "sak" kada ta fito daga bakinki. Hoton nan an ɗauke shi da fitilu, an goge shi a waya, sau da yawa a ƙasa mai sanyi aka yi kek ɗin, wani lokaci ma wasu hawan soson roba ne aka lulluɓe da fondan. Ki ce mata za ki yi mai kama da shi da hannunki, ga kuma inda zai bambanta. Ki zana a takarda, ki tura mata, sai ta amince ki kunna obin.

Naki salon kuma ki ba shi ranarsa. Sau ɗaya a wata ki yi aikin da ba wanda ya sa ki. Ba sai kin ɓata fulawa ba, ki sayi soson robar nan mai siffar kek, ki yi ado a kai, ki ɗauki hoto da hasken safe kusa da taga, ki ɓare ki sake amfani da shi. Ki sa hoton a WhatsApp. Mutane ba sa tambayar abin da idonsu bai taɓa gani ba, shi ya sa suke ta turo miki na wasu.

In kin ce ina za ki samo zanen, ki hau mota ki shiga birni. Ki tsaya gaban ƙofar fadar Sarkin Zazzau ki ƙare wa zanen bangon da launukansa kallo. Ki bi lunguna ki ga abin da magina suka zana a fuskar tsofaffin gidaje, da zankwayen da ke saman soro. Ga dagin Arewa, ga askar babbar riga, ga zanen hula, ga lalle. Lallen nan ma shi ya fi sauƙi, domin aisin ɗin farin ƙwai da ake matsowa da siririn baki, riƙonsa ɗaya da ledar lalle. Na taɓa yi wa wata walimar saukar Alƙur'ani kek mai siffar allo, na kewaye shi da irin zayyanar da ake yi wa allon sauka, ja da kore da ruwan ɗorawa. Ban rubuta aya a kai ba, abin da za a yanka a ci, ragowar a share, bai kamata a ɗora masa aya ba. Sunan yaron kawai na sa. Har yanzu ana kirana saboda wannan kek ɗaya.

Ki ciro takardar N20 ki juya bayanta. Matar da ke ginin tukunya a nan Ladi Kwali ce. A gida ta koyi ginin tukwane irin na Gwari, sannan a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu. Ta koyi injin juyi da sheƙi da gashin wuta mai ƙarfi, amma ƙadangaren da kifin da kunamar da ta tashi tana zanawa ba ta bar su ba, kuma da su duniya ta san ta. Jami'arku ce ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Fondan ma baƙo ne a wurinmu, abin da za ki zana a kansa shi ne naki.

Wani abu kuma, tunda kina son suna. Wata rana ki tsaya a ɗakin biki bayan an watse ki dubi faranti. Fondan ɓare shi ake a bari a gefe, abin da baki ya tafi da shi gida laushin cikin ne. Kada ki gasa kwana biyar kafin biki don ki sami lokacin ado. Ki gasa da saura kwana biyu, a wuta mai sauƙi, digiri 160 zuwa 170 in kek ɗin mai zurfi ne, don kada gefe ya bushe kafin tsakiya ta nuna. In ya huce ki shafa masa ruwan sukari, ki naɗe da leda.

TAMBAYA: Anti, dangi sun hana ni sakat. Duk suna, duk ranar haihuwa, sai a ce ai 'yarmu tana yi. Wasu su ba da kuɗin fulawa, wasu sai Allah ya yi albarka. Kunya ta hana ni magana. Daga Gyallesu.

AMSA: Ƙanwata, zumunci ibada ne, ba zan ce ki ɓata shi a kan kek ba. Amma kyautar da kunya ta ƙwato daga hannunki takan bar ƙullaci a zuciya, ƙullacin nan kuma shi yake cin zumunci a hankali. Ki yanka wa kanki adadi, kek ɗaya a wata ko biyu, na zumunci, ke za ki zaɓi wanda za ki yi wa, ki rubuta shi kamar yadda ake rubuta gudummawar biki. Sauran ki faɗi cikakken kuɗi, sannan ki faɗi abin da kika yafe: "Gwaggo, kuɗinsa N30,000 ne, amma ke uwata ce, na yafe ladan hannuna da riba, ki kawo N16,000 na kaya." Ta san alherin da kika yi mata, ta kuma san abin da za ta faɗa in ƙawarta ta tambaya. In kuwa kin karɓi N10,000 kin yi shiru, gobe ƙawayenta biyar za su yi sallama kowace da N10,000. Kuɗin kaya jari ne, da ruwan ciki ake jan na rijiya, kada ki yafe shi sai in sadaka kika yi niyya. In bakinki ya yi nauyi, ki roƙi mahaifiyarki ko yayarki ta faɗa sau ɗaya a taron dangi.

TAMBAYA: Hajiya, ni namiji ne, ina da ɗan shagon burodi da kek. Sau biyu ke nan ana sa ni aikin biki, in sayi kaya da kuɗina, sai a ce an ɗaga ko an ba wani. Sau ɗaya kuma an nuna mini hoton tiransifa na saki kek, har yau kuɗi bai shigo ba. Daga Sabon Gari.

AMSA: Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Maganinka kafin alƙalami. Ni kashi 70 cikin 100 nake karɓa kafin in sa ranar mutum a littafi, ciko kuma kafin kek ya bar gida. Tela yana karɓa, mai hoto yana karɓa, mai ɗakin taro yana karɓa, ba wanda ya ce sun ci mutuncinsa. Hoton tiransifa ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin a zaune tukuna.

Duk abin da kuka yi magana a kai ka tattara shi a saƙo ɗaya ka tura: girma, yawan hawa, kala, rana, sa'a, wuri, wanda zai ɗauka, da sunan da za a rubuta harafi-harafi, domin Aisha daban, A'isha daban, Aishatu daban. Ka sa har da abin da zai faru in an fasa. A wurina, in da saura mako biyu nakan mayar da kuɗi ban da abin da na riga na kashe, in saura kwana uku kuwa babu mayarwa. Sai an amsa da "na amince" in ɗauka mun gama. Wanda ya ga kamar tsanani ne, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. In rasuwa ce ko jinya ta sa aka ɗaga, wannan daban, nakan matsar da rana ba tare da na ƙara ko sisi ba.

Ka kuma sa wa farashinka wa'adi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na shekarar, kayanmu ba su zauna wuri ɗaya ba, tunda alkamar fulawa da cakulan da yawancin kayan ado daga waje suke shigowa. Ka ce kuɗin da ka faɗa na mako biyu ne, kuma da an biya kafin alƙalami ka je ka sayi duk abin da ba ya lalacewa. Kai ma da naka nauyin, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka san iyakar abin da obin ɗinka da hannunka za su iya a Asabar ɗaya. Ni manyan kek biyu ne, na uku nakan ba da haƙuri in tura shi wurin wata da na yarda da aikinta.

TAMBAYA: Anti, an ce mini akwai alade a cikin fondan, kuma na ga a bidiyo ana zuba giya a kek ɗin busassun 'ya'yan itatuwa. Gaskiya ne? Sannan dole sai na yi rajista kafin in fara sayarwa? Daga Ƙofar Doka.

AMSA: 'Yata, jelatin ake nufi, wanda yake sa fondan ya yi danƙo. Daga fata da ƙashin dabbobi ake samunsa, akwai na alade, akwai na shanu, akwai na kifi. Ki karanta jikin kwali ki nemi tambarin halal ko bayanin dabbar, in ba a rubuta komai ba ki bar shi. Giya kuma gaskiya ne, a Turai da ita ake jiƙa 'ya'yan itatuwan don ƙamshi da daɗewa. Ni da shayi mai kauri ko ruwan lemon zaƙi nake jiƙawa, kwana ɗaya a firji, in ƙara dabino da kirfa da citta da kanumfari. Ba zai daɗe kamar wancan ba, sai ki gasa shi cikin makon bikin. Hodar zinariya ma da giya suke dama ta a bidiyon don tana saurin bushewa. Ki goga ta a bushe da buroshi, ko ki dama da ɗigon lemon tsami ki ƙara haƙurin jira. Kayan ƙamshi na ruwa su ma ki duba kwalbar, wasu da barasa ake haɗa su, hukuncinsu dalla-dalla kuma ki kai wa malaminki.

Rajista ba ta hana ki farawa daga gida. In suna ya fara kamawa ki yi wa sunan sana'arki rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta intanet ake yi, da ita za ki buɗe asusun banki da sunan sana'ar, makarantu da ofisoshi kuma sun fi sakin jiki da hakan. In kin kai matsayin ɗaure kek ko cincin a leda da tambari kina kai wa kantuna, nan sai kin nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Kafin duk wannan, ki rufe gashi, ki yanke farce, ki fasa kowane ƙwai a kofi daban kafin ya shiga kwaɓi, ki kuma riƙa tambayar mai saye ko cikin masu ci akwai wanda gyaɗa ko ƙwai ko madara ba sa karɓarsa, musamman in kek ɗin na yara ne.